Hutun da muke saya wa iyayenmu yana cin ƙashinsu: darasi daga tsofaffin ɓeraye

Duk wanda ya fito daga ƙasar Kance ya tafi neman na kansa, ko Kano yake ko Legas, ko Agadas ko Tamanrasset, akwai maganar da ba ta wuce bakinsa idan ya samu gida a waya: "Inna, don Allah ki bar wahalar nan haka, ki zauna ki huta, ƙarshen wata zan aiko." Magana ce ta ɗan halak, babu mai shakkar niyyar da ke bayanta. Sai dai lokaci ya yi da za mu sake duba abin da muke nufi da hutu, da kuma abin da kuɗin da muke aikawa ke saya.

Ra'ayina shi ne, zaman dirshan da muke ɗora wa tsofaffinmu, haɗe da buhun shinkafa da katan ɗin taliya da muke ɗauka gata ne, yana cikin abubuwan da ke gaggauta lalacewar ƙashinsu. Hujjata kuwa ta fito ne daga inda ba a zata ba, wato ɗakunan gwaje-gwajen da masana suka shafe shekaru suna nazarin ƙasusuwan ɓeraye.

Na ɗauki Icirnawa misali. Ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Kance ta jihar Damagaram, gundumar da hedikwatarta ke Matamaye, tare da irin su Dungu da Tsauni da Kurni da Ɗan Barto. Yanki ne mai yawan jama'a da ƙananan gonaki, inda ci-rani ya zama jiki. Duniya ta ji sunan Kance a watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara 'yan yankin, a hamada kusa da iyakar Aljeriya. Tun daga lokacin ake ta maganar waɗanda suka tafi. Waɗanda aka bari a gida, musamman tsofaffi, ba a cika tuna su ba, kuma su ne batuna a yau.

Ƙashi yana da rai

Yawancinmu muna ɗaukar ƙashi kamar busasshen icce, an kafa shi an gama. Ba haka yake ba. A cikin ƙasusuwa 206 da babban mutum ke da su, kullum akwai ma'aikata iri biyu: wasu ƙwayoyin halitta suna kankare tsohon ƙashi, wasu suna bin baya suna cike gurbin da sabo. Kamar ɗakin ƙasa ne da damina ke zaizayewa, a yi masa yaɓe da rani. Cikin kusan shekara 10, jiki yakan sabunta yawancin ƙashinsa ta wannan hanya.

Daga yarinta zuwa wajen shekara 30, masu yaɓe sun fi masu kankara ƙarfi, don haka ƙashi yana ƙara kauri. Bayan nan sai lissafin ya fara juyawa a hankali. Ga mace kuwa, da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke taka wa masu kankara birki yakan ragu, sai ƙashin ya shiga zaizaya da sauri na wasu shekaru. Daga waje ba a ganin komai, kamar azarar da gara ta ci daga ciki. Sai ranar da tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a banɗaki, a ji tsintsiyar hannu ko kwatangwalo ya karye.

Gidauniyar yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga cikin waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. Karayar kwatangwalo ita ce mafi muni: ko a ƙasashen da suka ci gaba, wajen mutum 1 cikin 5 na tsofaffin da suka gamu da ita ba sa cika shekara guda a raye. Ku auna da kanku yadda abin zai kasance a ƙauyen da sai an ɗora mara lafiya a amalanke kafin a kai bakin titi.

Me ya kawo ɓera cikin zancen?

Ɓeran gwaji shekara 2 zuwa 3 yake yi a duniya, don haka mai bincike zai iya ganin yarintarsa da tsufansa cikin ɗan lokaci. Ana iya auna abincinsa giram bayan giram. Bayan ya mutu kuma ana iya ɗora ƙashinsa a na'ura a danna har ya karye, a rubuta nauyin da ya ɗauka kafin ya karye. Babu wanda zai yi wa ɗan Adam haka. A 1991 wani masani a jami'ar Texas da ke San Antonio a Amurka, Dike Kalu, ya tattara hujjojin da suka nuna cewa idan aka cire wa macen ɓera ma'ajiyar ƙwanta, ƙashinta yakan zaizaye kwatankwacin na macen da al'adarta ta ɗauke. Har yau da irin waɗannan ɓeraye ake fara gwada magungunan ƙashi.

Darasi na farko daga ɓeraye shi ne ƙashi yana son nauyi. Likitan Jamus Julius Wolff ya faɗi haka tun 1892, amma tafiya sararin samaniya ce ta fito da abin fili. Ɓerayen da Tarayyar Sobiyat ta harba cikin kumbon Kosmos 782 a 1975 sun dawo an tarar ginin ƙashinsu ya ja baya, saboda can sama babu nauyin da ke danna ƙafa. 'Yan sama jannati ma sukan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 na ma'adinin ƙashin ƙugu da ƙafa a kowane wata. Tsohon da ya wuni a kan tabarma, daga kwanciya sai jingina, yana kan wannan hanyar ne, sai dai tasa tafiyar a hankali take.

Darasi na biyu ya fito daga Japan. A 1995 Yoshihisa Umemura da abokan aikinsa na jami'ar Chukyo sun raba ɓeraye mata, daga matasa har tsofaffin da suka haura wata 20, zuwa gida uku: masu tsalle, masu gudu, da masu zama kawai. Bayan mako 8, ƙashin cinya da na ƙwauri na masu tsalle ya fi na kowa nauyi, kuma har tsofaffin sun ci wannan riba. Bayan shekara biyu, a 1997, suka sake gwaji a kan ƙananan ɓeraye suka gano cewa tsalle 5 kacal a rana ya isa ya ƙara wa ƙashi nauyi da ƙarfi, kuma wanda ya yi tsalle 100 bai fi shi da wani abin a zo a gani ba.

A jami'ar Indiana ta Amurka, Alexander Robling da Charles Turner sun nuna a 2002 cewa idan aka raba motsin gida huɗu a yini, ana hutawa a tsakani, ya fi amfani a kan a yi shi duka lokaci guda. Abin mamaki a gwajin nasu shi ne, ma'adinin ƙashin bai ƙaru da ko kashi 10 cikin 100 ba, amma nauyin da yake ɗauka kafin ya karye ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin 100. Dalili kuwa, jiki yana kai sabon yaɓe ne daidai inda nauyi ke dannawa, kamar maginin da ya san inda katanga ke neman tsagewa.

Turner ɗin ya kuma nuna tun a 1995 cewa ƙashin tsohon ɓera ba ya amsawa da sauƙi kamar na matashi. Yana buƙatar nauyi fiye da na matashi kafin ya motsa, kuma abin da yake ginawa kaɗan ne. Wato tsufa yana rage wa ƙashi ji, amma bai kurmantar da shi gaba ɗaya ba. Wannan ne ya sa barin motsi ya fi yi wa tsoho illa: abin da ya zube cikin watannin zama, maido shi aiki ne ja.

Motsi ba tare da abinci ba

Kada wani ya ji wannan ya ce to ai shi ke nan, a bar tsofaffi su ci gaba da noma da daka da yunwa a ciki. Ɓerayen sun ba da amsar wannan ma. A 1935 Clive McCay na jami'ar Cornell ya gano cewa ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi tsawon rai, binciken da masu son rage ƙiba ke yawan ambata har yau. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙasusuwan waɗanda suka daɗe cikin wannan ƙarancin sun zama marasa ƙwari. A 2001 kuma, ayarin Sue Shapses a jami'ar Rutgers ya rage wa ɓeraye mata abinci na wasu makonni, sai ƙashin waɗanda suka manyanta ya ragu, ƙarfinsa ma ya ragu.

A Janiba ta ƙasar Suwizalan, Patrick Ammann da René Rizzoli sun yi gwajin da ya fi kama da halin da muke ciki. Sun ba ɓeraye abinci har su ƙoshi, amma furotin ɗin da ke ciki aka rage daga kashi 15 zuwa kashi 2.5 cikin 100. Cikin ya cika, ƙashin kuwa ya zaizaye ya yi rauni, a mata da kuma tsofaffin maza. Da suka mayar wa ɓerayen da sinadaran furotin da suka rasa, ƙarfin ƙashin ya fara dawowa. Dalili shi ne ƙashi ba ma'adini zalla ba ne: akwai saƙar furotin a cikinsa wadda kalsiyam ke kamawa, kamar yadda ƙasar gini ke kama ramno.

Ku ɗora wannan a kan tsohuwar da safe koko, rana taliya da mai da yaji, dare shinkafa da dunƙulen ɗanɗano. Za ta ce muku Alhamdu lillahi ta ƙoshi, kuma gaskiya ta faɗa. Amma ƙoshin ciki daban, na ƙashi daban.

"Ai ɓera ba mutum ba ne"

Gaskiya ne, kuma masu binciken da kansu sun fi kowa faɗa. Ɓera da ƙafa huɗu yake tafiya, ƙashinsa yana ci gaba da girma tsawon lokaci, kuma macensa ba ta ɗauke al'ada irin ta ɗan Adam. Shi ya sa gwajin ɓera nuni ne kawai, sai an tabbatar a jikin mutane. To, an tabbatar.

A Ostireliya, Belinda Beck ta jami'ar Griffith ta jagoranci gwaji a kan mata 101 da al'adarsu ta ɗauke kuma ƙashinsu ya yi rauni. Rabinsu sun riƙa ɗaga nauyi na minti 30, sau biyu a mako, tsawon wata 8, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna ma'adinin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, na sauran kuwa ya ragu da kusan kashi 1. A 2021 kuma, Sandra Iuliano ta jami'ar Melbourne ta fitar da sakamakon gwaji a gidajen kula da tsofaffi 60, masu mutum sama da 7,000. A rabin gidajen an ƙara madara da kindirmo da cuku a abinci, ba tare da wata ƙwaya ba. Karaya ta ragu da kashi 33 cikin 100, karayar kwatangwalo ta ragu da kashi 46.

Kusa da gida ma akwai shaida. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun buga bincike a 1999 a kan yara 123 masu lanƙwasar ƙafa. An daɗe ana zaton rashin bitamin D ne kaɗai ke kawo cutar, amma yaran Jos ba su rasa rana ba. Abin da suka rasa shi ne kalsiyam, domin wajen miligiram 200 kawai suke samu a rana, kuma da aka ba su kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Daga baya ayarin ya gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya yi aiki.

A ƙauyen Keneba na Gambiya, binciken Ann Prentice ya nuna matan karkara suna samun kalsiyam miligiram 300 zuwa 400 a rana, alhali abin da ake ba da shawara ga wanda ya haura shekara 50 a ƙasashe da dama ya kai 1,000 zuwa 1,200. A 1996 masu binciken sun ruwaito cewa ma'adinin ƙashin tsofaffin matan ƙauyen ya yi ƙasa sosai, amma karaya ba ta yi yawa a cikinsu ba. Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne, matar karkara da ke kan ƙafarta kullum tana da garkuwar da ba ta sani ba: ƙarfin tsoka da iya riƙe jiki, waɗanda ke hana faɗuwa. Idan muka ƙwace mata motsin, muka kuma bar ta da ƙarancin kalsiyam ɗin, mun cire garkuwar mun bar raunin.

Maganin yana cikin tukunyarmu

Gero da dawa, waɗanda su ne ginshiƙin abincin ƙasar Kance, ba su da kalsiyam mai yawa, kuma dusarsu tana da sinadarin da ke riƙe ɗan wanda ke akwai. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami yana rage wannan matsala, abin da iyayenmu ke yi wa kamu da gasara tun fil azal. Shinkafa 'yar gwamnati da taliya kuwa ba su fi gero ba ta wannan fuska.

Inda arzikin yake shi ne a miya da abin haɗi. Busasshen ganyen kuka yana ɗauke da kalsiyam sama da miligiram 1,000 a cikin giram 100, kuma jihar Damagaram gidan kuka ce, musamman ƙasar Mirriya. Zogale da rama da lalo da riɗi duk suna taimakawa. Nono yana da wajen miligiram 120 a kowane mililita 100, wato rabin lita ya kai wajen 600. Ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya suna ba da kalsiyam da furotin a lokaci guda. Wake da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da awara da ƙwai da fara kuwa furotin ne mai araha. Abin takaici, waken da ake nomawa a Nijar yawancinsa kasuwa yake tafiya, ya tsallaka iyaka zuwa irin su Mai'aduwa da Dawanau, a dawo gida da taliya.

Akwai kuskure guda da ya kamata a gyara. Mutane da yawa suna ɗauka kanwa tana ƙara ƙarfin ƙashi. Kanwa gishirin sodiyam ce, kuma yawan sodiyam, ko daga kanwa ko gishiri ko dunƙulen ɗanɗano, yana sa jiki zubar da kalsiyam ta fitsari, ban da hawan jini da yake tayarwa.

Sai kuma maganar ƙwayoyi. Da tsoho ya ce gwiwa ko baya, abin da ya fi sauƙi shi ne a aiko da jaka biyu a sayi haɗin ƙwayoyi a hannun mai talla ran kasuwa. Sau da yawa irin wannan haɗin yana ɗauke da Dexamethasone ko Prednisolone. Ciwo yakan lafa, fuska ta cika, a ce tsoho ya yi ƙiba ya murmure. Amma shan waɗannan magunguna na tsawon watanni yana cikin manyan abubuwan da likitoci suka sani suna zaizaye ƙashi. 'Yan matan birni da ke shan su don ƙiba ko hasken fata, su ma ƙashinsu suke sayarwa. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya daina kwatsam, ya je wurin likita a rage masa a hankali.

"Sun wahala, a bar su su huta mana"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan ra'ayina, kuma ba na raina ta. Matar da ta yi shekara 50 tana daka da jan guga da ɗaukar icce a ka, ta haifi tara ko goma, wa zai ce ba ta cancanci hutu ba? Kuma kaya mai nauyi a ka yana lalata wuya da baya, wannan babu musu. Kyautata wa iyaye wajibi ne a addini da al'ada, ɗan da ya samu hali ya bar uwarsa tana fama abin kunya ne.

Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin wahala da motsi. Ɗauke mata jarkar ruwa mai lita 25 daga ka gata ne. Hana ta takawa zuwa gidan suna a unguwar gaba, ko a aika mai babur ya ɗauko ta daga masallacin Idi da bai fi tafiyar minti goma ba, wannan cutarwa ce da sunan gata. Baba ya bar huɗa da noman rana tsaka, amma ya ci gaba da zagaya gonarsa da safe, ya duba dabbobi, ya taka zuwa masallaci sau biyar. Idan muka tuna gwajin Indiana, motsi kaɗan-kaɗan da aka rarraba a yini shi ƙashi ya fi so, kuma rayuwar ƙauye da lokutan salla sun riga sun tsara wa tsoho haka.

Ba kuma cewa nake a sa Inna tsalle kamar ɓerayen Japan ba. Matan Ostireliya da suka ɗaga nauyi da ƙwararru a kansu suka yi. Wanda ƙashinsa ya riga ya yi rauni, tsalle ko sunkuyo da kaya mai nauyi na iya karya shi. Abin da ya dace da tsohon ƙauye shi ne tafiya da ɗan sauri, tashi daga kujera da zama sau goma safe da yamma, tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango, da ƙananan ayyukan gida da ya saba.

Abin da kuɗin ci-rani zai iya yi

Shawarata ga ɗan ci-rani ita ce, a gaba idan za ka aika, ka raba kuɗin da suna. Ka ware na nono ko madara kullum, ka ɗora wa amintacce alhakin sayowa. Ka ce a ajiye wake daga na bana kada a sayar duka. Idan da hali ka sayi akuya mai tatsa, irin jar akuyar Maraɗi da aka sani da nono: ga abin zubawa a fura da kunu, ga kuma dalilin da zai riƙa tayar da tsohuwa daga tabarma. Ka tambayi haƙoranta, domin tsohon da ba ya iya tauna yakan koma koko zalla ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Niƙaƙƙen kifi da garin ƙuli-ƙuli a miya suna maganin wannan. Ka kuma sani cewa tsokar naman da aka sa wa kaka, yawanci a bakin jika take ƙarewa.

Karaya kuma faɗuwa ce ke kawo ta, don haka fitila mai aiki da hasken rana a hanyar banɗaki, takalmi mai kama ƙasa, sanda mai kyau, gyaran dokin ƙofa da ya yi tudu, da kai tsoho a duba yanar ido, duk sun fi sabuwar waya amfani a gare shi. Idan ka zo gida ka ga Inna ta rage tsawo, ko bayanta ya fara ranƙwafawa, ko ta taɓa karyewa daga ƙaramar faɗuwa, waɗannan alamu ne na zaizayar ƙashi, a kai ta asibiti.

Idan kuma ƙaddara ta faɗa, tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafa, a fara da hoto a asibitin gunduma na Matamaye ko babban asibitin Damagaram. Masu ɗori suna da matsayinsu a cikin al'umma, kuma mutane sun yarda da su. Amma wuyan ƙashin cinya yana can cikin tsoka inda karan ɗori ba ya kamawa, kuma watannin kwanciya ana jiran ya haɗe su ne ke jawo gyambon kwanciya da ciwon huhu da daskarewar jini.

Ku ma matasa, da ku ake

A 2007 Stuart Warden, shi ma na jami'ar Indiana, ya motsa ƙashin ƙananan ɓeraye na mako 7 kacal, sannan ya bar su ba motsi na musamman har mako 92, wato kusan duk rayuwarsu. Da suka tsufa aka duba, sai aka tarar ƙashin da aka motsa tun suna yara ya riƙe kyakkyawan fasalinsa da ƙarfinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saurayi ko budurwar da ke ƙasa da shekara 30 yanzu ne suke cika rumbun da za su ci da tsufa.

To me muke zubawa a rumbun? Daga gado zuwa kan babur, daga babur zuwa benci a majalisa, ido a kan waya, ga lemon kwalba ga taliyar leda ga sigari ko shisha, alhali taba tana cikin abubuwan da ke raunana ƙashi. Kakanninmu sun isa tsufa da ƙashin da aikin gona da nono suka gina. Mu da me za mu isa? Ƙwallon ƙafa, langa, kokawa, tsallen igiya, hawan bene da ƙafa, duk ajiya ce. 'Yan mata sun fi buƙata, kuma su aka fi hanawa. Waɗanda ke Turai kuma su tuna cewa baƙar fata ba ta samun isasshen bitamin D daga ranar hunturun can, haka ma macen da ba ta fita tsakar gida, don haka su nemi a gwada jininsu.

Kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, shi ya sa hankalin hukumomi da ƙungiyoyin agaji ya tattara a kan yara da masu ciki, kuma da dalili. Amma waɗannan yaran za su tsufa, kuma yawansu zai sa tsofaffin gobe su ninka na yau. Ba abu ne mai tsada ba cibiyoyin lafiya na ƙauyuka su riƙa auna tsawon tsofaffi sau ɗaya a shekara, su tambaye su ko sun taɓa faɗuwa, su kuma yi musu gargaɗi a kan ƙwayoyin talla. Gidajen rediyon al'umma da limamai ma suna da rawar takawa, ko da a ranar 20 ga Oktoba ce, ranar da duniya ta ware don wayar da kai a kan zaizayar ƙashi.

Kafin hukuma ta motsa, mu da ke riƙe da wayar da kuɗin mu ne hukumar iyayenmu. Mu sauke musu kaya mai nauyi, mu bar musu tafiyarsu da ƙananan ayyukansu, mu mayar musu da nono da wake da miyar kuka a kwano. Allah Ya ba iyayenmu tsufa mai albarka a kan ƙafafunsu, Ya kuma dawo da matafiya gida lafiya.